Turamen Ya Kaka da Idon Hamman

A shekarun da gyaɗa ta haukata ƙasar Magarya, bayan Nasara ya ɗauke wa mutane aikin tilas, duk mai ƙafa biyu a Dungas wajen sikeli ya nufa. Manomi ya tafi, ɗan dako ya tafi, har wani ladan an ce an gan shi yana ɗinkin buhu a bakin kanti, ya bar wa zakara kiran asuba. Gida ɗaya ne ma'aikatansa ba su ko ɗaga kai in kamyon, babbar motar gyaɗa, ya wuce, shi ne gidan Ya Kaka mai magani. Kada wani ya ce ta fi kanti biya. Ko kajin gidan sun san tsaba ba ta zuba a banza a hannun Ya Kaka.

Babarbariya ce ta asali. Kakanta ya zo daga gabas da jaki da kanwa, ya ɗanɗana furar Dungas, hanyar komawa ta ɓace masa. Ubanta magori ne, irin masu shimfiɗa buzu a kasuwa su jera saiwoyi suna wasa kansu da kansu. Namiji ya roƙa, Allah ya ba shi ita, gajeruwa, da zanen Barebari a kumatu, da muryar da in ta yi kira a Dungas sai a amsa a Kwaya. Ta tashi tana riƙe masa zabira, tana kuma kallon yadda yake da barorinsa. Mutum ne mai saurin hannu. Bara ya zubar da garin magani, mari. Ya haɗa abin da ba a haɗawa, bulala. To barorin ba su daina kuskure ba, faɗi kawai suka daina. Abin da ya zube a kwashe shi da yashinsa a mayar cikin ƙwarya, wanda ya saya ya sha da ƙasar Dungas a matsayin gyara.

Ta yi aure a Waca, mijin ya rasu, ta dawo ta tarar uban ya kwanta ciwon da bai tashi ba, barori sun watse kamar tsaki sun ga shirwa. Abin da ta gada turame ne da taɓare da sunan gida. Kasuwa kam ba ta je ba, ta ce ita ba ta iya ƙarya da ƙarfi ba. Sai ta mai da gidan wurin haɗi. Maza su shiga daji su haƙo saiwa su sassaƙo ɓawo, a wanke, a shanya, mata su daka su tankaɗe, a ƙulla. Masu talla su zo sari daga Waca da Kwaya, har daga ƙetaren iyaka, ƙasar Ingilishi. Abin da ya fi fitar da sunanta daurin jarirai ne, wanda ake jiƙa wa yaro tun yana goye.

Riƙon mutanen ne ya sa ba a barin ta. Wadda ta daka maɗaci yau, gobe ba za ta koma kansa ba, don ƙurarsa na cin ƙirji, kuma kafin ta tafi gida sai ta sha nono a gaban Ya Kaka, ko tana so ko ba ta so. Mai jego ta zauna ɗakinta, geronta ya bi ta can, taɓaryarta kuma na jingine tana jiran ta. Tuwon da uwar gida ta ci shi kowa zai ci. Mai fushi ba ta taɓa turmi, wai hannu mai zafi ba ya auna daidai, sai a ba ta ƙulli a inuwa har ta huce. Wannan doka ta jawo wa mazan Dungas sharri mai yawa, don duk ranar da rana ta ƙwalle sai ka ji rabin matan sun yi faɗa da miji da safe. Ya Kaka ta sani sarai. Sai ta ce, "Allah ya shirya shi," ta miƙa wa mutum tsumman ƙulli. In abin ya yi yawa ta ce za ta aika a kira mijin a sasanta, nan take fushi ya warke.

Ba ta yi wa kowa faɗa a gaban mutane. Wanda ya yi kuskure sai ta ce ya zo ya taya ta duba rumbu, can baya za su yi maganarsu su biyu. Wanda ya kawo kuskurensa da kansa kuwa, da goro yake fitowa. Mutum ɗaya ne tak take zagi a tsakar gida kowa na ji, shi ma yana ramawa da gyara. Hamman ke nan.

Hamman Bafillace ne, dogo, siriri, in ya tsaya gefen dagin haƙarsa sai ka rasa wanne ke riƙe da wani. Shanunsa sun ƙare a wata shekara ta annoba, matarsa ta rasu, 'yan uwa suka yi gabas da abin da ya rage musu. Ya shigo Dungas da sanda da buta, daidai lokacin da Ya Kaka ke neman wanda ya san daji. Kiwo ya koya masa inda kowane itace yake kwana. Tun daga nan shi ne babban mai haƙa na gidan, duk wanda ya iya dagi a wajensa ya koya. Kowa ya san Babarbare da Bafillace abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowanne na cewa ɗan uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi. Da safe sai ta ce, "Bawana, ka iso? Na ɗauka iska ta tafi da kai." Shi kuma ya ce, "Baiwata, wa ya yi miki wannan rubutu a fuska? Ko kaza ce ta yi tono?" Mata su yi ta dariya, taɓare na sauka.

Aibinsa ɗaya, baki. Yana cewa gwani kallo ɗaya yake yi wa saiwa ya san uwarta da ubanta. In ya ga mai koyo ya kai saiwa hanci sai ya ce, "Kare muka ɗauka aiki ashe. A ba shi ƙashi." Laminu, wanda ya baro dakon gyaɗa ya zo koyon haƙa da gemunsa da 'ya'yansa, ya sha wannan ƙashin har ya ƙoshi.

To, sai farar yana, ciwon nan na ido, ta soma rufe idon Hamman. Ba ta zo da sallama ba. Da rani, in ganye ya kaɗe, saiwar sabara da ta tumfafiya kan bi rami ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, mai ido ne ke bin kowace zuwa gindinta. Hamman ya fara sarowa a haɗe. Sabara na shiga daurin jarirai. Tumfafiya kuwa ba abin da za a kusanta da bakin jariri ba ne.

Tani, babbar mai daka, ita ta fara gani. Ta zare baƙuwar saiwar ta cusa a murhu, ba ta ce uffan ba. Laminu ya gani a daji, ya riƙa bin bayansa yana tsince ɗaurin in tsohon ya juya. Sannu a hankali gidan duka ya sani, kowa na tsincewa, kowa na shiru. Wa zai dubi Baffa Hamman, wanda ya koya wa mazansu sana'a, ya ce masa ba ka gani? Shi ma ya san idon na tafiya, amma Bafillace ya gwammace ƙaya ta kwana a ƙafarsa da ya yi ɗingishi a gaban mutane. Ya Kaka kaɗai ba ta sani ba, ita da take taƙamar ko kaza ta yi tari a gidan sai ta ji.

Ranar da asiri ya tonu, Tani ta tafi suna Kwaya, Laminu na fama da ƙafa bai shiga daji ba. Wadda ta karɓi turmin dauri sabuwa ce, abin da aka ba ta shi ta daka. Ya Kaka ta zo wucewa ta dangwali garin da ke bakin taɓarya ta kai harshe, kamar yadda take yi kullum. Ta tsaya. Ta sake dangwala. Sai ta kife turmin a cikin toka, ta sa aka ƙone shi da wuta a ciki, ta bi sauran ɗaurin saiwa ɗaya bayan ɗaya, ta zaro tumfafiya.

Da Tani ta dawo aka je duba rumbu.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Iya."

"Wa da wa suka sani?"

Tani ta dubi ƙasa. "Ki tambayi wanda bai sani ba, ya fi sauƙin faɗi."

"Kin taɓa ganin na daki mutum a gidan nan?"

"Ba tsoronki ba ne, Iya. Kunyarsa ce. In ya bar nan ina za shi? Ba saniya, ba ɗa."

Ya Kaka ba ta ba ta goro ba, ba ta kuma yi mata faɗa ba. Ta zauna a kan wani turmi da ke kife a wurin tana juya abin. Ta bar shi da dagi, wata rana sai an kai wa wata uwa abin da zai raba ta da goyonta. Ta karɓe dagin, ta san Hamman, ba zai zauna ya ci tuwon da bai yi wa aiki ba, zai ɗauki sandarsa ya shiga daji da idon da ba ya raba rijiya da inuwa. Ta kai shi bayan rumbu kuwa, shi da bai taɓa zuwa can ba, duk gida zai ga an kai shi. Sai dabara ta zo mata, ta ga kamar ta Allah ce. Ai akwai wasa. Abin da ba ya faɗuwa da gaske, Babarbariya na iya faɗa wa Bafillace da dariya, ya haɗiye ba tare da ya shaƙe ba.

Washegari da rana ana cin tuwo gindin bedi, maza gefe mata gefe, ta ɗaga muryar nan tata.

"Bawana, jiya tumfafiya ka kawo mini a madadin sabara. In idon ya tafi kiwo ne ka faɗa, mu samo igiya Laminu ya riƙa jan ka."

Ba wanda ya yi dariya. Da ƙarya ce da an yi. Lomar Laminu ta tsaya a hanya, Tani ta sunkuyar da kai cikin akushi. Hamman ya juya fuska gefen maza, ya juya gefen mata, shirun ya gaya masa abin da ido bai gaya masa ba. Shi kaɗai ya yi 'yar dariya.

"Baiwa ta yi ƙiba," in ji shi, "har tana saya wa ubangijinta igiya."

Ya gama tuwonsa tsaf, ya wanke hannu, ya yi hamdala. Ya jingine dagi a ƙofar ɗakinta, ya ɗauki sanda da buta, ya fita kamar mai zuwa alwala.

Da la'asar ta yi bai dawo ba, Ya Kaka ta san ta yi ɓarna. Ita da ta hana kowa tozarta ɗan uwansa, ita ce ta tuɓe dattijo a gaban mata, ta sa wa abin suna wasa. Laminu ya ce zai bi shi. Ta ce wanda ya fasa tulu shi ke kwashe katanga. Ta sa aka ɗora ta kan jaki, ƙafafunta ko cikinsa ba su kai ba, ta bi hanyar Kwaya tana tambayar masu dawowa daga gona.

A wata rijiya ta same shi, inda makiyaya ke shayar da shanu. Yana zaune nesa kaɗan, ya kafa sanda tsakanin gwiwoyi, ya karkata kai yana sauraren garken. Ta sauko da ƙyar, ta zauna a ƙasa kusa da shi.

"Malam Hamman."

Ya zabura kamar an taka shi. Tun zuwansa Dungas bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Allah ya tsare, saura kaɗan. Na zo ba ka haƙuri ne. Maganar da na faɗa gaskiya ce, amma wurin da na faɗe ta ba wurinta ba ne."

Ya juyo da fuska gefenta. Can ya ce, "Duka sun sani?"

"Duka, ban da ni."

"Mata na tsince mini kaya kamar yaron da ya yi fitsarin kwance."

"Don suna son ka ne."

"Ya Kaka, son da ya mai da mutum abin tausayi, gara mari." Ya gyara sanda. "Ki koma. Waɗannan gobe za su yi gabas, zan bi su. Ko ɗan maraƙi na riƙe na ci abincina. Sadaka ce ba zan ci ba."

"Wa ya ce zan ba ka? Ka taɓa ganin na ba kaza tsaba ba ta yi ƙwai ba?" Ta matsa kusa. "Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ba ni amsa don Allah. Da ka kai saiwar nan hanci, da ka gane ta?"

Tsohon ya yi tsaki a hankali. "Tun tana cikin rami."

"To me ya hana ka?"

"Bakina." Ya shafa gemu. "Shekara nawa ina ce wa mutane karnuka. In Laminu ya juyo ya gan ni da saiwa a hanci, da wane ido zan dube shi?"

"Da wanne kake duban sa yanzu?"

Maganar ta kuɓuce mata ne, har ta kama baki. Sai kafaɗar Hamman ta soma rawa. Dariya yake yi, ta gaske, har da hawaye a idon da yana ta rufe.

Nan ta shimfiɗa masa abin da ta ƙulla a bisa jaki. Ta ce ta yi zaton tsoro kaɗai ke sa ma'aikaci ɓoye kuskure, shi ya sa ta kori tsoro daga gidanta, ashe kunya ma na yi, kuma ita ba ta koruwa. To tunda tsincewar na da amfani, a daina yin ta a ɓoye, a kuma daina yi wa mutum ɗaya. Daga gobe ba saiwa ba ɓawo da zai shiga turmi sai ya bi ta zaure, Hamman ya sunsuna, Tani ta duba da ido a fili, ko wa ya kawo shi. Abin da ɗayansu ya ƙi, ya ƙiyu.

"Har naki?"

"Har nawa."

"In na ce a zubar?"

"A zubar."

"Dajin fa? In na zauna zaure kullum kamar tsohuwar tabarma, kafin kaka kun binne ni."

"Ka bi Laminu duk ran da ka so. Kai ka san inda itace yake, shi ya haƙa. Amma dagi ya bar hannunka, Hamman. Wannan ba wasa a ciki."

Ya buɗe tafinsa ya rufe, tafin da dagi ya yi wa kanta. Ya daɗe yana haka, ita kuma ba ta cika shirun da magana ba, abin da a wajenta ya fi azumi wuya. Daga baya ya miƙe, ya laluba ya kama igiyar jakin, ya haye.

"Me ke nan?" in ji ta.

"Ina aka taɓa ganin baiwa a bisa, ubangijinta a ƙasa? Ja mu je."

Haka suka shigo Dungas, dogon Bafillace bisa jaki ƙafafunsa na share hanya, mai gidan magani a gaba tana ja, tana haki, tana tsine wa duk wanda ya fara kawo Fulani ƙasar nan. Masu zaman bakin kanti suka tashi tsaye don su gani da kyau.

Ta kai shi gidan likita a Magarya ranar kasuwa. Anfirmiye, malamin asibitin, ya ɗaga fatar idon, ya ɗiga masa ruwa, ya ce yana ce, ta fi ƙarfin abin da ke cikin kwalabensa. Idon bai dawo ba. Amma Hamman ya yi shekaru a zauren nan a kan buzu, hancinsa a cikin kayan kowa, har masu sari daga ƙetare suka riƙa tambaya ko ƙullin ya bi ta wajen tsohon. Laminu kuwa ya samu abin da ya daɗe yana jira. Duk sanda ya sauke ɗauri a gabansa sai ya yi ɗan haushi ƙasa-ƙasa, Hamman ya kai masa sanda, bai taɓa samun sa ba.

Safiyar farko ce dai mutanen gidan ba su manta ba. Kowa ya taru a zaure kamar ana raba gado. Ya Kaka ta fito da ɗaurin ɓawon marke wanda ita da kanta ta zaɓa, ta shanya a kan rufin ɗakinta, ta ajiye a gabansa kafin na kowa. Hamman ya ɗauki guda, ya karya, ya kai hanci, ya ja numfashi mai tsawo. Ya ɗauki wani. Ya ɓata fuska.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ka san wadda ta kawo."

"Ya sha raɓa. A zubar."

Tani ta juya ɓawon ciki da waje, ba ta ga komai ba. Ta dubi Ya Kaka. Ya Kaka ma ta karya guda ta sunsuna, ƙamshinsa lafiya lau, busasshe kamar ƙashi, kuma ta ga gefen bakin tsohon na motsi. Ta san ramuwar igiya ce. Ta kuma san duk zauren ita ake kallo, a ga ko maganar da aka yi a bakin rijiya tana da ƙafa.

Ta tattara ɗaurin da hannunta, ta kai murhu ta cusa, ta tsaya har wuta ta kama. Sannan ta dawo tana kaɗe zane.

"Na gaba," in ji Hamman, ya miƙa hannu.